Ina zan kai su Baba su ga tsohuwar Ingila? Ku je Ludlow ranar kasuwa

Wani ƙanenmu da ke karatu a Birmingham ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifansa za su zo bikin kammala digirinsa a watan Yuli. Sun taɓa zuwa Landan, sun ga fadar Buckingham da agogon majalisa, amma cunkoso ya gajiyar da su. Baba tsohon ɗan kasuwa ne mai son labarin mutanen da, Hajiya kuma gwiwa tana damunta. Yana neman inda za a je da safe a dawo da yamma ba tare da an galabaita ba.

Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya sa a yi taro lafiya. Ka kai su Ludlow, wani ɗan gari a yankin Shropshire, dab da iyakar Wales, mai mutane wajen 10,000. Sana'ata zanen gine-gine ce, ɓangaren adana tsofaffi na karanta, kuma na sha kai ɗalibai garin nan. Sharaɗi ɗaya zan gindaya maka: ku je ranar kasuwa, kuma daga kasuwar za ku fara. Tana ci Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar. Zuwana na farko da ɗalibai Talata ce, ban bincika ba, muka tarar da filin fayau, sai tattabaru da wani dattijo a kan benci yana cin burodi. Ɗaliban suka ɗauki hotunan fada, muka dawo, ba wanda ya fahimci abin da ya kafa garin.

Da Bature ya ce wuri kaza garin kasuwa ne, wani matsayi yake nufi na tsohuwar doka. A zamanin da, ba kowane gari ke da ikon cin kasuwa ba. Sai sarki ya ba mai ƙasar takardar izini, ya yanka masa rana, shi kuma ya riƙa karɓar kuɗin rumfa da na shigo da kaya. Har tazara aka ƙayyade. Wani alƙali na ƙarni na 13, Bracton, ya rubuta cewa kada sabuwar kasuwa ta kusanci tsohuwa da ƙasa da mil shida da sulusi biyu, wato wajen kilomita 11. Lissafinsa mai sauƙi ne: mutum yana iya tafiyar mil 20 a yini, sai a kasa uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na ciniki, ɗaya na komawa gida kafin duhu ya yi 'yan fashi su fito. Ka faɗa wa Baba wannan a cikin jirgi. Wanda ya taɓa bin kasuwannin mako da ƙafa ko a kan jaki ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Garin a kan tudu yake, kogin Teme ya kewaye shi ta yamma da kudu. Fada na bakin tudun ta yamma, coci na can gabas da ita kaɗan, kasuwa ta shimfiɗe a tsakaninsu. Normawa, waɗanda suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, su suka kafa fadar don tsare iyaka da mutanen Wales, sannan a ƙarni na 12 aka yanka garin layi-layi kamar da igiya. Har yau a kan layukan nan ake tafiya.

In kun tsaya a filin kasuwa kun juya wa fada baya, ka dubi gabas. Za ka ga filin ya tsuke, ya rabu zuwa wasu lunguna matsattsu, da jerin shaguna siriri a tsakaninsu. Da can duk fili ɗaya ne, mai faɗi. 'Yan kasuwa ne suka fara da teburi, teburi ya zama rumfa, rumfa ta samu bango, bango ya samu bene, har aka wayi gari gidaje sun cinye rabin kasuwar. Wannan na fi so in nuna wa baƙo, don ba allon da ke faɗin sa, sai mai ido. Sunayen layuka ma suna tona asiri. Akwai Fish Street, layin masu kifi, akwai Mill Street da ke gangarawa inda injinan ruwa suke a da, akwai Bull Ring inda ake harkar shanu a wancan zamani. Ka kuma lura da yadda fuskar kowane shago take ƙarama amma cikinsa ya zurfafa can baya. Bakin titi shi ne mai tsada, shi ya sa aka yanka filaye dogaye sirara, shago a gaba, gida a sama, wurin sana'a da lambu a baya.

Kuɗin da ya gina duk wannan daga bayan tunkiya ya fito. Ulun tumakin wannan yanki yana cikin mafi daraja a Turai a ƙarni na 13 zuwa na 15, ana loda shi a jirgin ruwa zuwa masaƙan Flanders, wajen Beljiyam ta yau, da Italiya. Daga baya mutanen garin suka koma saƙa da kansu. In kun sauka bakin kogi za ka ga 'yan madatsun dutse sun gitta ruwa. A da su ke juya ruwa zuwa injinan niƙa da na bugun yadi, manyan guduman katako suna dukan saƙar ulu a jiƙe har ta yi kauri.

Daga kasuwa ku shiga coci kafin fada, don yana kusa kuma Hajiya za ta samu wurin zama. Sunansa St Laurence, shi ne cocin gari mafi girma a Shropshire, kuma yawancin abin da ake gani a ƙarni na 15 aka sake gina shi da kuɗin attajiran ulu. Ba wanda zai tambaye ku addininku, shiga kyauta ce, akwai akwatin gudummawa a bakin ƙofa. A sassauta murya kawai, in ana ibada kuma a dakata. Idan su Baba ba su saki jiki da shiga ba, kada ka matsa musu, harabar waje ma tana da abin kallo.

In kun shiga, ku wuce can gaba inda kujerun masu waƙar ibada suke. Kujerun katako ne masu ɗagawa. Limaman da suna daɗewa a tsaye, sai aka yi wa ƙasan kowace kujera wani ɗan tudu da mutum zai ɗosana a kai, a gan shi kamar a tsaye alhali ya huta. A ƙarƙashin tudun nan masassaƙa suka saki hannunsu. Akwai wata mai sayar da giya da aka sassaƙa, aljani ya saɓo ta a kafaɗa zai kai ta wuta, tana riƙe da ma'aunin da take tauye wa mutane, wani aljanin a gefe yana karanto laifuffukanta daga doguwar takarda. Akwai kuma dila sanye da hular babban limami yana wa manyan agwagi wa'azi. Shekara fiye da 500 ke nan, kuma matauyin mudu da malamin ci-da-addini su ne abin zolayar gari. Na taɓa nuna wa wani dattijo ɗan Kantin Kwari hoton matar nan, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai ya san jikokinta.

Wata ƙungiya ce ta riƙe cocin da rabin garin, ana ce mata ƙungiyar Palmers. Sunan daga masu ziyarar Ƙudus ya samo asali, waɗanda ke dawowa da reshen dabino a matsayin shaida. Tun ƙarni na 13 take, mambobi suna zuba kuɗi, wanda gobara ko ciwo ya karya a tallafa masa, wanda ya mutu a yi masa addu'a. Ta riƙe makaranta da gidan gajiyayyu har aka rushe ta a 1551. Gidan gajiyayyun yana nan gaban cocin, wani attajiri mai suna Hosyer ya kafa shi a 1486, aka sake gina shi da jan bulo a 1758, kuma har yanzu tsofaffi ne a ciki.

Hasumiyar cocin ta kai mita 41, matakala wajen 200, matsattsiya mai murɗewa. Kai ka hau in a buɗe take. Hajiya kada ta soma. Daga sama za ka ga tsarin layukan garin kamar a tafin hannu, da dutsen Titterstone Clee ta gabas, mai fararen ƙwallayen na'urar hango jiragen sama a kansa.

Fadar kango ce, ka gaya musu tun a gida don kada su sa ran ganin kujerun zinariya. Rufi babu, sai bangayen dutse, hasumiyoyi da busasshen gwalalo. Ana biyan kuɗin shiga. Zuriyar de Lacy ne suka fara ta ba da daɗewa ba bayan 1066, tana cikin fadojin farko da aka gina da dutse a Ingila. A tsakar gida akwai wani ɗakin ibada zagayayye na ƙarni na 12, wanda aka kwaikwayo daga cocin kabari na birnin Ƙudus. Irinsa kaɗan ne suka rage a ƙasar. Ka tsaya a ƙofarsa ka dubi zanen da aka sassaƙa a bakan, kamar haƙoran zarto jere a kan juna. Duk inda ka ga baka zagayayye da wannan zane, aikin Normawa ne. Baka mai tsini daga baya ya zo. Da wannan kaɗai za ka iya raba tsoho da sabo a duk ginin.

Manya da yawa sun zauna a nan. Roger Mortimer, wanda ya samu fadar ta hanyar aure a 1301, shi ya haɗa kai da sarauniya Isabella suka tumɓuke Sarki Edward na 2 a 1327, shi ma aka rataye shi a 1330. A 1459, lokacin yaƙin basasar gidan York da gidan Lancaster, rundunoni biyu suka yi cirko-cirko a gadar Ludford ƙasan garin, wani sashe na mayaƙan York ya sauya sheƙa cikin dare, shugabanninsu suka tsere, gari ya waye aka wawashe Ludlow. Ɗan mai fadar na lokacin, wato ɗan shugaban gidan York, ya zama Sarki Edward na 4 a 1461, kuma a shekarar ya ba garin takardar cin gashin kai. Ɗansa a nan ya tashi, daga nan aka ɗauke shi zuwa Landan a 1483 yana ɗan shekara 12 don a naɗa shi, aka kulle shi da ƙanensa a Hasumiyar Landan, ba a sake ganinsu ba.

Amma labarin da zan so ka ba su Baba a cikin fadar shi ne na Yarima Arthur, babban ɗan Sarki Henry na 7. A watan Nuwamban 1501 aka ɗaura masa aure da Catherine, 'yar sarkin Sifaniya, duka biyun 'yan shekara 15. Aka turo su Ludlow cikin hunturu don ya koyi mulki. Ranar 2 ga Afrilu 1502 ya rasu, ko wata biyar ba a cika da biki ba. An kai gawarsa Worcester, an ce kuma zuciyarsa a cocin St Laurence aka binne ta. Ƙanensa Henry ya gaji sarauta a 1509, ya auri bazawarar wansa da izinin Fafaroma. Shekaru suka wuce ba ɗa namiji da ya rayu, sai 'ya mace guda, Mary. Henry na 8 ya ce auren tun asali haramtacce ne tunda matar wansa ce. Catherine ta rantse cewa Arthur bai taɓa kusantarta ba. Aka yi ta kiran tsofaffin bayin fada suna ba da shaida a kan abin da ya faru a ɗakin yara biyu shekaru kusan 30 baya. Fafaroma ya ƙi raba auren, Henry ya ɓalle daga Roma, a 1534 majalisa ta ayyana shi shugaban cocin Ingila. Cocin Angilika ke nan, wanda reshensa ya kai har Wusasa. Ɗakunan da ake dangantawa da yariman suna nan gefen babban zaure, ba rufi, tsuntsaye na sheƙa a tagogin.

Abin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi bayyana kyawun gidajen garin, shi ne kotu. Kusan shekara 200 Ludlow ce mazaunin majalisar da ke mulkin Wales da yankunan iyaka a madadin sarki. Duk mai shari'ar gona, gado ko bashi daga wannan faɗin ƙasa nan yake zuwa. Inda masu ƙara suka taru kuwa, lauyoyi da masu masauki ne ke ƙiba. Gidan da ya fi kowanne suna a garin, Feathers, wani lauya mai suna Rees Jones ya gina shi a 1619, daga baya ya koma masauki, har yau otel ne. Za ku ci karo da shi a hanyarku daga tasha. Ka tsaya a tsallaken titi ku dube shi da kyau. Hawa uku, kowane hawa ya ɗan leƙo gaba fiye da na ƙasansa, katakon duk an yi masa sassaƙa, ba inda aka bari fili. Leƙowar nan tana ƙara wa ɗakin sama faɗi ba tare da an ci titi ba, tana kuma kare bangon ƙasa daga ruwan sama, amma a gidan nan nuna arziki ne ya fi yawa. Ginshiƙan itacen oak ne, an haɗa su da ƙusoshin katako, an cike tsakani da saƙar tsumagu da yaɓe na laka, kashin shanu da gashi, sannan farar ƙasa. Baƙin fentin da ake gani a irin gidajen nan yawanci yayin ƙarni na 19 ne. Itacen in aka bar shi da kansa, launin toka yake komawa.

An rushe majalisar a 1689, fada ta zama kufai, aka riƙa kwashe dalmar rufinta da katakai. Masu sarautar gidan Powis suka saye ta a 1811, kuma har yau a hannunsu take. Garin ya koma wurin hutawar masu gonaki, suka gina gidajen jan bulo masu dogayen tagogi a Broad Street da Mill Street. Da yawansu fuska kawai aka sauya. In ka leƙa ta lungu za ka ga tsohon katako a baya, kamar wanda ya ɗora sabuwar riga a kan tsohuwar taguwa. Zamanin masana'antu kuma ya bi ta gefe ya wuce, sana'ar ɗinka safar hannu da ta riƙe garin ta mutu, jirgin ƙasa bai iso ba sai 1852. Rashin kuɗin rushewa a sake gini ne ya tsare garin kafin doka ta zo. Yanzu gine-gine kusan 500 ne ke cikin rajistar kariya, mai gida ba ya sauya ko taga sai da izini, in ya yi kuwa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

Ku gangara Broad Street daga Buttercross, ginin dutsen nan na shekarun 1740 inda mata ke kasa man shanu da cuku a da. A ƙasan titin akwai Broad Gate, ita kaɗai ta rage cikin ƙofofin ganuwa bakwai. Ka ɗaga kai a cikinta, za ka ga kwarmin da ƙofar ƙarfe ke zamewa ta sauko. Gangarar tana da daɗi, hawowar ce aiki, don haka ka auna ƙarfin Hajiya tukuna. Hoton da ake gani a katin waya, fada a sama kogi a ƙasa, daga Whitcliffe ake ɗaukarsa, tudun da ke tsallaken gadar Dinham. Tasi zai kai ku cikin 'yan mintuna. Duwatsun wurin cike suke da burbushin halittun teku na shekaru sama da miliyan 400, har masana ilimin ƙasa suka sa wa wani zamani sunan garin.

Batun ciki ka yi hattara. Garin ya yi suna wajen abinci, tun 1995 ake bikin abinci a cikin fadar duk watan Satumba, amma abin alfaharinsu tsiran alade ne da dangoginsa. Duk inda ka ga pork, ham, bacon, lard ko black pudding, ka wuce. Cider giyar tuffa ce, ba lemo ba. Abin da ya rage yana da yawa: burodi mai zafi, cuku iri-iri, zuma, ƙwai, da 'ya'yan itatuwan bazara da za ku tarar a Yuli. In kifi da dankali za ku ci, ka tambaya da wane mai ake suya, da kuma ko an sa giya a ƙullin. Ba sa jin haushin tambayar. Ni dai Hajiya ta dafo nata a kula, ku sayi burodi da cuku a kasuwa, ku sauka filin ciyawa na bakin kogi kusa da gadar Dinham, ku ci, ku shimfiɗa sallaya. A Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, lokaci ba zai matsa muku ba. Ku taho da rigar ruwa ko da sama ta waye tas.

Daga Birmingham ba jirgi kai-tsaye. Za ku hau zuwa Shrewsbury ku sauya, daga can wajen rabin awa ne, duka tafiyar ta kusa awa biyu. In kana da katin rangwamen ɗalibai, sulusin kuɗin tikitinka ya sauka. Daga tasha zuwa kasuwa minti goma ne a ƙafa, amma hawa ne, ta Corve Street, don haka ka kira wa su Baba tasi tun kafin ku iso, ba kullum ake samunsu a jere ba. A mota kuwa ta Kidderminster ake bi, a haura dutsen Clee. Shaguna suna rufewa wajen ƙarfe biyar, 'yan kasuwa kuma tun kafin nan suke fara tattara kaya. Ku yi ƙoƙari ku isa kafin sha ɗaya.

In da mota kuke kuma akwai sauran ƙarfi, ku ƙara mil bakwai arewa zuwa Stokesay. Gidan wani attajirin ulu ne, Laurence na Ludlow, wanda ya yi kuɗi har yana ba sarki rance. Ya gina shi a shekarun 1280, sarki ya ba shi izinin yi masa katangar yaƙi a 1291, amma tagogin zaurensa dogaye ne har kusan ƙasa, ba mayaƙin da zai yi wannan. Ɗan kasuwa ne yake son a gan shi da gida irin na masu sarauta. Bai daɗe a ciki ba, a 1294 jirgin da ya ɗauko ulunsa ya nutse da shi. Rufin zauren da matakalar katakon na asali ne, Baba zai iya dafa itacen da aka sara shekara 700 da suka wuce. Craven Arms na gaba kaɗan, akwai mayankar tumaki ta halal da ɗan masallaci, in kuna so ku yi La'asar cikin jam'i kafin ku kama hanyar gida.